Wiwi ta halatta a Kanada: in sayo wa matata don raɗaɗin ƙafa?

Tambaya

Wani magidanci da ke zaune a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ya aiko da wannan, ga shi a taƙaice. Matarsa tana da shekara 52, ta yi shekara 12 tana fama da ciwon suga. Kusan shekara biyu ke nan tafin ƙafafunta suna mata ƙuna da raɗaɗi da tsikari, abin ya fi tsanani da dare, har ba ta son mayafi ya taɓa yatsunta. Likitan iyali ya rubuta mata piregabalin, ta sha mako biyu, jiri ya dame ta, ta ajiye. Tun daga nan sai farasitamol da man zafi. Wani abokin aikinsa ya ce masa man tabar wiwi ya taimaki mahaifiyarsa, ga kuma shago mai lasisi a bakin layinsu. Yana tambaya: da gaske tana maganin irin wannan ciwo? Mene ne haɗarinta? Ina matsayin addini? Za su iya tafiya da ita gida Kano, ko Umara? A ƙarshe ya ce yana tunanin ya sayo man ya ba ta da sunan “maganin jijiya”, don ya san muddin ta ji an ce wiwi ba za ta sha ba.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba uwargida lafiya, ya sa kaffara ne. Kai ma sannu da jinya, don wannan ciwon ba mutum ɗaya yake hana wa barci a gida ba.

Zan fara da maganarka ta ƙarshe, ita ta fi tsaya mini a rai. Kada ka ba ta a ɓoye, ko ɗigo ɗaya. Na san tausayi ne ya kai ka ga wannan tunanin, amma ka duba yadda abin zai kasance. Sinadarin THC da ke cikin wiwi ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Wanda bai saba ba, bayan awa ɗaya ko biyu da sha yana iya jin zuciyarsa tana dukan uku-uku, bakinsa ya bushe, ɗaki yana juya masa, tsoro ya rufe shi ba gaira ba dalili. Mai ciwon suga idan ta ji haka ba ta san ta sha komai ba, me za ta ɗauka? Ko ta ce suganta ne ya faɗi ta kama shan zaƙi, ko ta ce zuciya ce, ko a fara zancen iska. Idan kuka garzaya asibiti aka tambaye ta abin da ta sha, za ta ba likita amsar da za ta ɓatar da shi. A dokar Kanada ma, ɗura wa mutum abin da ke juya hankali ba da saninsa ba yana iya kai ka gaban alƙali, ko da matarka ce. Abin da ya fi duk wannan nauyi kuwa amana ce. Ranar da ta gano, ko farasitamol ba za ta sake karɓa daga hannunka hankali kwance ba. Jikinta ne, hankalinta ne, sallarta ce. Ita za ta yanke, kai naka ka kawo mata bayani na gaskiya ka raka ta wurin likita.

To, ainihin tambayar. Wiwi tana rage raɗaɗin jijiya ga wasu mutane ƙalilan, ragin kuma ba mai yawa ba ne, yayin da jiri da nauyin kai suke samun da yawa daga cikin masu sha. Shi ya sa likitocin da suka yarda da ita ma ba sa waiwayarta sai magunguna biyu ko uku sun gaza. Uwargida kuwa, bisa abin da ka rubuta, ko maganin farko ba a gwada mata yadda ya kamata ba. Nan nake so mu ɗan daɗe, don nan sauƙinta ya fi kusa.

Suga idan ya daɗe yana hawa, yana lalata jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji daga fata zuwa laka, kuma da mafi tsawo yake farawa, wato waɗanda suka kai yatsun ƙafa. Dalilin da ya sa ciwon ke tashi daga yatsu ya hauro, ƙafa biyu a tare, ke nan. Jijiyar da ta lalace takan dinga aika saƙon zafi alhali ba abin da ya taɓa wurin. Farasitamol da ibufurofen ba sa yin komai a nan, don babu kumburi ko rauni da za su kwantar; ibufurofen ma ƙodar mai suga kawai zai wahalar. Magungunan da aka san suna aiki huɗu ne: piregabalin, gabapentin, duloksetin da amitriptilin.

Jirin da piregabalin ya sa ta ba baƙon abu ba ne. Sau da yawa yana zuwa ne idan an fara da yawa, ko ƙoda ba ta tace maganin da sauri, kuma yakan lafa bayan mako ɗaya zuwa biyu. Ga mai jin jiri, akan koma miligiram 25 ko 50 da dare kawai, a riƙa ƙarawa a hankali. Idan hakan bai yi ba, duloksetin ta wata hanya daban yake aiki: a fara da miligiram 30 tare da abinci saboda tashin zuciya, a kai 60. Amitriptilin tsohon magani ne mai araha, miligiram 10 kafin kwanciya, kuma ga wadda dare ne matsalarta yakan kawo barci ma, sai dai likita zai duba zuciyarta da idonta kafin ya rubuta. Wani babban nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwajen ciwon jijiya ya nuna cewa kafin a samu mutum ɗaya da raɗaɗinsa ya ragu da rabi albarkacin maganin kansa, ana bukatar a ba kimanin mutum 4 irin su amitriptilin, 6 irin su duloksetin, 8 piregabalin. Ka riƙe waɗannan lambobin, za mu gwada su da na wiwi. Sannan a 2022 wani gwaji da likitocin Sheffield a Ingila suka jagoranta kan masu suga ya nuna cewa wanda magani ɗaya bai ishe shi ba yana samun ƙarin sauƙi idan aka haɗa masa biyu. Duk wannan bai fara ba a wurin uwargida.

Akwai kuma abin da nake roƙon kada ku bar ɗakin likita ba ku ambata ba: gwajin bitamin B12. Wadda ta shekara 12 da suga da wuya a ce ba ta daɗe tana shan ƙwayar suga ta metformin ba, metformin kuwa yana hana hanji tsotsar B12, rashin B12 kuma shi kansa yana lalata jijiya har ya ba da ƙuna da tsikari irin wannan. Gwajin jini ne mai sauƙi, maganinsa ƙwaya ko allura. A duba aikin ƙoda da na maƙoƙo a lokaci guda. A kuma cire mata safa a duba ƙafar da kyau. Akwai wani siririn zaren roba da likita ke dannawa a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, ita kuma ido rufe ta faɗi inda ta ji. Za ka yi mamaki: ƙafar da ke hana ta barci don zafi, sai ka ga ana danna zaren a ƙasan babban yatsa ba ta ji ba. Wannan rashin jin shi ke kawo gyambo, kuma ya fi raɗaɗin haɗari.

Yanzu wiwi. Manyan sinadaranta biyu ne. THC shi ke sa maye. A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware shi a Isra'ila. CBD ba ya sa maye. Daga baya aka gano jikin mutum yana da wuraren da THC ke kamawa a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, har jiki yana ƙera nasa sinadaran masu kama da shi, kuma waɗannan wuraren suna da hannu a yadda ake jin zafi. Saboda haka tunanin cewa za ta iya rage ciwo yana da tushe. Abin tambaya shi ne nawa take ragewa idan aka gwada a kan mutane.

A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken magunguna, ta tattara gwaje-gwaje 16 da suka ƙunshi mutum 1,750 masu ciwon jijiya. Cikin waɗanda aka ba maganin wiwi, kashi 39 cikin 100 raɗaɗinsu ya ragu da kusan sulusi. Cikin waɗanda aka ba maganin bogi, wanda ba komai a cikinsa, kashi 33 ne suka ce haka. Ragi da rabi kuwa kashi 21 ne da kashi 17, wato sai an ba kimanin mutum 20 kafin a samu ɗaya da za a ce wiwin ce ta yi masa. Gwada 20 da 4 da 6 da 8 na ɗazu. A ɗaya ɓangaren, kashi 61 na masu wiwi sun yi fama da jiri ko barci ko nauyin kai, na bogi kashi 29. Ruɗewa da sauran matsalolin tunani kashi 17 ne da kashi 5. A kan ƙafar masu suga takamaimai, wani gwaji na 2010 a Sheffield ya ba mutum 30 ko dai feshin baki na wiwi mai suna Sativex ko na bogi, bai ga bambanci ba. Wani na 2015 a San Diego, mai mutum 16, ya ga raɗaɗi ya ragu na 'yan awoyi bayan shaƙar tururinta, ragin kuma yana ƙaruwa da ƙarfin THC, haka ma mayen.

Ka lura da kashi 33 ɗin nan na maganin bogi. Ba ƙarya suke yi ba. Ciwo yana hawa yana sauka, sa rai ma yana rage shi. Mahaifiyar abokin aikinka wataƙila tana cikin 'yan kaɗan da wiwi ta yi wa aiki da gaske, wataƙila barci ta samu sai komai ya yi sauƙi, wataƙila ma ciwonta ba irin na uwargida ba ne. Labarin mutum ɗaya ba ya rarrabe waɗannan.

Manyan hukumomi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta ce a 2017 akwai hujja mai ƙarfi cewa tana taimaka wa manya masu daɗaɗɗen ciwo. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, a 2019 ta ce kada a rubuta ta don irin wannan ciwon. Ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta ce a 2021 ba ta goyon bayan amfani da ita barkatai. A shekarar dai mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da shawara mai sassauci: idan magungunan da aka saba sun gaza, ana iya gwada wadda ba ta hayaƙi ba. Jagorar likitocin iyali ta nan Kanada ta 2018, wadda da alama likitanku ya sani, ta ce a ciwon jijiya sai an gwada magunguna uku sun kasa, kuma a fara da na kantin magani, wato nabilon, wanda aka ƙera mai kama da THC, ko Sativex. Ni nan na tsaya, kuma ina ganin shi ne adalci ga mara lafiya: ba a rufe mata ƙofa ba, ba a kuma tura ta shago da alkawarin da bincike bai cika ba.

Za ka ce to a ba ta CBD zalla mana, tunda ba ya sa maye. Da ma haka ne, da an huta. Masu bincike a jami'ar Bath ta Ingila sun duba gwaje-gwaje 16 na CBD a kan ciwo a 2024, 15 ba su nuna ya fi na bogi ba. Ɗan amfanin da ake samu, galibi daga THC yake, wato ɓangaren da ke taɓa hankali. Ka riƙe wannan, zai dawo a maganar addini.

Haɗarin da ya fi damuna ga uwargida faɗuwa ce. Ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai, a ƙara mata jiri, sannan ta tashi cikin dare zuwa banɗaki ko alwalar asuba a kan tayil mai santsi. THC yana kuma ƙara bugun zuciya, yana iya sa jini ya sauka idan an miƙe tsaye, mai suga na shekara 12 kuwa tana iya samun matsalar zuciya da ba ta bayyana ba, don haka sai an auna. Yana buɗe ciki, musamman ga zaƙi, ya dagula lissafin suga. Idan tana allurar insulin ko ƙwayoyin da ke faɗar da suga, nauyin kai yana iya hana ta gane suganta ya faɗi. Masu sha kullum na dogon lokaci wasu kan kamu da amai mai tsanani da ba ya lafawa sai sun shiga wanka da ruwan zafi, amai kuwa ga mai suga ba abin wasa ba ne. THC kuma yana karo da wasu magunguna: yana iya ƙara ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa, har a yi zubar jini, yana ninka barcin piregabalin da gabapentin da amitriptilin da tramadol da maganin barci. Ku kai wa mai haɗa magani a kemis duk abin da take sha, har na gargajiya da aka aiko daga gida.

Akwai waɗanda ba a ba su THC ko kaɗan: mai ciki, mai shayarwa, wanda bai kai shekara 25 ba, mai ciwon zuciya da bai daidaita ba, wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali ko yana da shi a jininsa, uwa ko uba ko ɗan'uwa. Wannan na ƙarshe a wurinmu abu ne da ake ɓoyewa, a ce iska ce ko sammu. Ku zauna ku tuna tsakani da Allah, ku faɗa wa likita. Kuma ƙyamar da uwargida ke yi wa wiwi kada ka ɗauke ta jahilci. Duk wanda ya tashi a Kano ya ga matasan da ta lalata a unguwa, ya san masu kai 'ya'yansu asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ke shan ta a ƙasar. Wani nazari na 2019 a biranen Turai da Barazil ya nuna masu shan ta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen kamuwa da taɓin hankali, idan mai ƙarfi ce, wadda THC ɗinta ya wuce kashi 10, kusan sau biyar. Ganyen da ke shagon layinku da yawansa ya haura kashi 20. Gaskiya ne miligiram biyu na mai a bakin mace mai shekara 52 ba ɗaya yake da wannan ba, amma tsoronta yana da asali.

A ce an bi duk matakan nan, wata uku ko huɗu sun wuce, ƙafa ba ta lafa ba, ita da kanta ta ce a gwada. To ta hannun likita za a bi, ba ta shago ba. Tun 2001 Kanada ke da tsarin wiwin magani, daban da halattawar gama-gari ta ranar 17 ga Oktoba, 2018. Likita ko ma'aikaciyar jinya mai izinin rubuta magani za ta ba ta takarda, ta yi rajista da kamfani mai lasisi. Yaron da ke bayan kanta a shago doka ba ta ba shi damar ba da shawarar lafiya ba, kuma bai san ƙodarta ko magungunanta ba. Kada ku sayi na intanet da ba a san asalinsa ba: wani bincike a Amurka a 2017 ya auna kayan CBD 84 da aka sayo ta intanet, kusan sulusi ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, 18 kuma an samu THC a cikinsu. Na halal a Kanada yana ɗauke da hatimin haraji, kuma idan akwai THC za ka ga jan tambari mai hoton ganye.

Ban yarda da hayaƙi ba sam. Huhu yake ci, kuma ba a iya auna abin da ya shiga. Mai ko ƙwanso ake so. Kwalbar man tana zuwa da ɗan sirinji mara allura mai zane-zanen mililita, jikinta kuma an rubuta miligiram nawa na THC da nawa na CBD ke cikin kowace mililita. Da wannan ake lissafi, ba da “ɗigo kaɗan” ba. Tsarin da ƙwararru suka fi bi shi ne a fara da mai rinjayen CBD, miligiram 5 sau biyu a rana, a riƙa ƙarawa har 40 a rana. Idan bai yi ba a sa THC miligiram 1 zuwa 2.5, a ƙara kaɗan-kaɗan bayan kwanaki. Ga uwargida zan so ya zama da dare bayan isha'i. Abin da aka haɗiya ba ya aiki nan take: yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin a ji, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen awa huɗu, ya daɗe har awa goma sha biyu. Yawancin waɗanda ake kwasa zuwa asibiti, sun sha ne ba su ji komai ba suka ƙara.

Kafin ɗigon farko, ta samu ɗan littafi. Kowace safiya ta rubuta raɗaɗin jiya daga 0 zuwa 10, sau nawa ta farka, da sugan safe. Ta yi haka mako biyu tun ba a fara ba, don a sami abin gwadawa. Ta kuma faɗi abin da take nema da bakinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: barcin awa biyar a jere, ko tsayuwar sallah ba tare da ta zauna ba, ko zuwa kasuwa da ƙafarta. Ku sa rana da likita, mako huɗu zuwa takwas. Idan ranar ta zo raɗaɗi bai ragu da sulusi ba kuma abin da ta nema bai samu ba, a janye a hankali a daina. Idan kai ne ka ga ta yi sanyi, tana mantuwa, tana barcin rana, ka faɗa, ko da ta ce ƙafa ta yi sauƙi. Wiwi tana kama mutum: ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne kusan 1 cikin 10 na masu sha, kuma ya fi haka ga masu sha kullum. Kuɗinta ma daga aljihunku zai fita, inshorar lardi ba ta biyan man wiwi, sai dai wasu inshorar wurin aiki. A kulle kwalbar inda jikoki ba sa kaiwa.

Tuƙi kuma. A Kanada samun nanogiram 2 na THC a mililitar jini cikin awa biyu da tuƙi laifi ne, 5 zuwa sama babban laifi, takardar likita ba ta wanke mutum. Tun Disambar 2018 tuƙi cikin maye ya shiga manyan laifukan da ke iya sa mai takardar zama ta dindindin ya rasa ta. Idan ba ku karɓi fasfon ƙasar ba tukuna, wannan ya shafe ku kai tsaye.

Batun tafiya gajere ne: ba a fita da ita. Dokar Kanada kanta ta haramta ƙetare iyaka da wiwi, fita ko shigowa, ko ta magani ce, ko man CBD ne. A Najeriya dokar 1966 kan tabar wiwi da dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 suna nan daram, jami'in da ke filin jirgin Malam Aminu Kano ba ruwansa da takardar likitan Toronto, kuma da yake ana yawan kama wadda ake kira Loud daga Kanada, kayan da suka fito daga can ana sa musu ido. Kafin ku isa ma sai kun ratsa Doha ko Alƙahira ko Adis Ababa. A Daular Larabawa samun ta a jinin mutum ma ana lissafa shi laifi, ga mai sha kullum kuwa takan yi makonni tana fita a fitsari. Saudiyya hukuncinta kan ƙwayoyi yana kai wa ga kisa ga masu safara. Wanda zai yi Umara ko dogon hutu a gida, dole a janye masa makonni kafin tafiya, in ba haka ba rashin barci da ƙunci su tarbe shi a can. Ga iyalin da ke zuwa gida duk shekara, wannan kaɗai dalili ne na fifita maganin da za a iya sa wa a jaka. Shi ma piregabalin Saudiyya da Daular Larabawa suna sa masa ido, don haka a tafi da shi cikin kwalinsa tare da wasiƙar likita.

Addini. Fatawa ta malamai ce, nawa in ba ku bayanin da za ku kai musu daidai. Hadisin “duk abin da ke sa maye haramun ne” sananne ne, kuma malamai ba su yi saɓani kan haramcin shan wiwi don nishaɗi ba. Ibn Taimiyya ya tsananta har ya haɗa ta da giya. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imam Al-Ƙarafi ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku, mai sa maye, mai ɓata hankali da mai sa barci, ya sa wiwi a na biyu, kuma a kan irin wannan rabon ne malamai ke tattauna kaɗan da bai kai ga juya hankali ba da kuma larurar magani. Halattawar majalisar Ottawa ba ta taɓa wannan hukunci ba ko ta wane gefe. Idan kun je wurin malami, ku gaya masa abu huɗu. CBD zalla ba ya sa maye amma da wuya ya yi mata aiki. THC yana sa maye idan ya yi yawa, adadin da ake farawa da shi an tsara shi ne don kada ya kai nan, amma ga wasu yakan kai. Akwai wasu magunguna da ba a gama gwada mata ba, wanda ke nufin a yau ba a kai ga larura ba. Sannan abin da aka haɗa maganin da shi: feshin Sativex yana da barasa a ciki, alewa mai danƙo da wasu ƙwansuna ana yin su da jelatin da kan iya zama na alade, man kuwa galibi da man kwakwa ake haɗa shi. A bar ta ta yi tambayar da kanta, ta ji amsa da kunnenta.

Wannan makon ku nemi ganin likitan iyali, ku ce a ba ku lokaci mai ɗan tsawo. Ku tafi da duk kwalayen maganinta da sakamakon suga na watannin baya, ku nemi gwajin B12 da na ƙoda da duba ƙafa, ku tambayi duloksetin ko amitriptilin ko sake piregabalin da ɗan kaɗan, kuma idan abin ya ƙi, a tura ta asibitin masu kula da ciwo. Kafin nan, kai ka riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare da fitila. Kada ta gasa ƙafa a jikin hita ko ta tsoma a ruwan zafi don neman sauƙi, lokacin sanyin Kanada da yawa suna ƙonewa haka ba su ji ba. Idan ka ga ƙuje, ko ƙurji, ko wuri ya yi ja ya kumbura ya ɗau zafi, ko yatsa ya canza launi, a ranar za ku je asibiti.